Yadda Ɗan'azumi Ya Jefa Badawa Cikin Teku

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yuni, 1999, da ƙarfe goma da kwata na safe, Ɗan'azumi na Kwaciri ya yi sallama a ƙofar gidana da ke Sabon Gari. Daga wannan sallamar aka fara cutata. Na rubuta takardar nan ne ga Mai Unguwa da dattawan Fagge da shugabannin ƙungiyoyin garuruwa na Sabon Gari, don kowa ya ji yadda abin ya faru daki-daki, ba yadda ake ba da shi a teburin mai shayi ba.

Sunana Toma Bawa, Bakurame ne ni daga wajen Saminaka. Shekara talatin da huɗu ina koyar da labarin ƙasa a firamare kafin in yi ritaya bara. Duk wanda ya zauna ajina ya san taswirata. Allon katako ne mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa biyar, na zana Nijeriya a kai da fenti. Duk ɗalibin da aka kawo mini sai na tambayi uwarsa ko ubansa, "Wane yare kuke yi a gida? A wane gari ake yin sa?" In an faɗa mini, sai na nemi mutum na biyu ya tabbatar. Sannan in kafa ƙusa a daidai wurin, in rataya ɗan yankin gwangwanin madara da na rubuta sunan yaren a kai. Badanci a Gashuwa. Jju, yaren Bajju, a Zonkwa. Bekwara kusa da Ogoja. Igede a Oju, Tangale a Biliri, Mumuye a Zing. Ƙusa ɗari biyu da hamsin da huɗu, ban kafa ko ɗaya da zato ba. Duk lokacin da soja suka ƙara jihohi nakan sake zana iyakoki, amma ƙusa ba ta motsi, don ban taɓa jin dokar da ta ɗauke yare daga garinsa ba. A ƙasan allon kuwa akwai sunana da farin fenti.

Shi Ɗan'azumi tsohon kwandasta ne, ya yi shekara ashirin a bayan manyan motoci. Da aka rantsar da sabon kansilan mazaɓarmu sai ya ɗinka babbar riga, ya naɗa kansa Mashawarci na Musamman kan Harkokin Yaruka. Na bincika, babu wanda ya ba shi takarda.

"Malam Toma, an dawo da mulkin farar hula," in ji shi, kamar shi ya je ya ɗauko shi. "Ran Lahadi da yamma Kansila zai tara ƙungiyoyin garuruwa a filin makaranta, taron sanin juna. Ni zan gai da kowace ƙabila da yarenta. Taswirarka kawai nake so a jingine a bayana, don ado."

"Taswirata ba kayan ado ba ce."

"To don ilimi. Duk ɗaya ne."

"Yare nawa ka ce kana ji?"

"Arba'in ba ɗaya, Malam. Na arba'in ɗin ina kansa."

"A ina ake yin Tangale?"

"Ai ko'ina ana yi, in dai an samu masu yi."

A nan ya kamata in rufe ƙofata. Amma na tuna tsofaffin ɗalibaina da iyayensu za su zo, kowa ya ga ƙusar garinsu. Sai na gindaya sharaɗi uku a rubuce: a ɗauke ta a kwance cikin a-kori-kura, kada a taɓa ƙusa ko ɗaya, a dawo da ita ran Litinin. Ya sa hannu, kwafin yana wurina. Ya ce motar tana bakin titi, lungunmu ya yi mata kaɗan, ya ɗora allon a ka ya fita.

Babu mota a bakin titi. Acaɓa ne.

Abin da ya faru a mahaɗar titin Bata ban gani da idona ba, amma ina da shaidu biyu. Na farkon shi ne Cyprian mai gyaran rediyo, mutumin Bekwara, wanda shagonsa ke kallon mahaɗar. Ya ce tun kafin ya gan su ya ji su, gwangwanaye suna kaɗawa kamar an saki tumaki masu ƙararrawa. Ɗan'azumi na zaune a baya, ya riƙe allo a tsaye a gicciye, yana yi wa motoci tsawa su ba gwamnati hanya. Da suka shigo fili iska ta kama allon. Mai babur yana son ya yi dama, Nijeriya tana son ta yi hagu. Nijeriya ta yi nasara. Suka zagaya sau ɗaya da rabi, suka ƙare cikin kwandunan mai tumatir.

Gwangwani wajen sittin suka watse a kan kwalta. Ɗan'azumi ya miƙe, tumatir har hula, yana ihu, "Ku tsinto mini Filato! Kai, ɗauke ƙafarka, Taraba kake takawa!" Wata mai kunu ta tsamo Mumuye daga bokitinta. Cyprian da kansa ya zaro Bekwara daga ƙarƙashin tayar bas, ya goge da rigarsa.

"Oga Ɗan'azumi, wannan ba allon Malam Toma ba ne?"

"Aikin gwamnati ne, ka rage murya."

"Ka san inda za ka mayar da mu?"

"Ni da na yi lodi a tashar garinku sau ɗari?"

"Ina ne garin namu?"

"Ka ji ka! Kai ba ka sani ba sai na faɗa maka?"

Da mutumin kirki ne, da ya dawo mini da allona a wannan lokacin. Da na yi faɗa na minti goma, na mayar da komai cikin awa ɗaya. Shi kuwa sai ya zuba yaruka sittin a hula ya nufi Fagge, shagon Malam Ilu tela, wanda shi ne shaidata na biyu. Ya shimfiɗa allon a teburin yanka, ya tsaya yana kallo. Malam Ilu ya ce ya fi minti ashirin yana bin ƙusoshin da yatsa jiha-jiha. Can sai ya buga tebur.

"Malam Ilu, zo ka ga zalunci!"

"Wa aka zalunta?"

"Dubi Bauci. Dubi Adamawa, dubi Kuros Riba. Ƙusa a kan ƙusa, ba inda za ka sa yatsa. Yanzu dubi Katsina. Dubi Zamfara. Dubi Kanonmu, fili fetal kamar an share! Wasu sun kwashe yaruka sun tara, wasu na zaune hannu biyu. Wannan rabon soja ne."

"Ai haka aka same su tun kaka da kakanni."

"Kaka da kakanni ba su ga tsarin mulki ba. Ba ni filaya."

Ya zare ƙusoshina, dukkansu. Aikin shekara talatin da huɗu ya koma cikin kwanon sha. Ya ari tef ɗin awo ya rataya a wuya, ya yi lissafi a bayan kwalin zare: jiha talatin da shida, kowace ta samu bakwai. Ya ce don kada a yi zargin son kai, ƙuri'a za a yi. Ya kira maƙwabta su zama wakilan jihohi, kowa ya rufe ido ya sa hannu a kwano. Mai shayin bakin layi ya wakilci Sakkwato, ya ɗauko Ogoni.

"To ni me zan yi da wannan?"

"Ka riƙe, rabonka ne."

Wanzami ya wakilci Legas da Yobe da Ebonyi gaba ɗaya saboda ƙarancin mutane. Ya nemi a yi masa musaya, wai sunan da ya ɗauko ba ya karantuwa. Ɗan'azumi ya ce hukumar zaɓe ta rufe karɓar ƙorafi. Aka yi ta bugun guduma har la'asar, Malam Ilu yana roƙo a bar masa teburinsa, yana da ɗinkin biki.

Da aka gama sai biyu suka rage a kwano. Ɗan'azumi bai damu ba. Ya ce ɗaya na Abuja ne, kuma karɓa-karɓa za a yi, kowane yare shekara huɗu. Malam Ilu, da yake tela ne ya iya lissafi, ya ce ai kafin a zagayo an haura shekara dubu. Ya ce siyasa sai da haƙuri. Ya sa hannu ya ɗauko Kurama, yarena, ya kafa a Abuja. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ƙarshen Badanci ne, kuma ba sauran gurbi.

"Su wane ne waɗannan?" in ji Ɗan'azumi.

Mai shayi ya ce yana jin masunta ne.

"Shi ke nan, an gama."

Ya kafa su a cikin shuɗin fentin da ke ƙasan Legas, tazarar yatsa huɗu daga gaɓa. Sannan ya samo farin fenti ya ƙara rubutu a ƙarƙashin sunana: "Sabon tsari, da amincewarsa." Amincewata! Ni da nake gida a lokacin ina goge takalmin da zan sa ran Lahadi.

Sauran kwanakin ya yi su ne yana yawon gwaji a Sabon Gari. A ganinsa sunan titi shi ke nuna yaren mazauna titin. Ya shafe awa biyu a Burma Road yana neman wanda zai gwada yaren Bama da shi, har Okechukwu mai kayan gyaran mota ya ba shi kujera da ruwa, ya ce masa a layin aka haife shi, bai taɓa ganin mutumin Bama ba. Ɗan'azumi ya ce wataƙila sun tafi hutu. France Road kuwa ya ce ba sai ya je ba, Faransanci a aljihunsa yake.

Ran Lahadi, ashirin ga wata, ƙarfe huɗu, fili ya cika. Rumfuna a jere, kowace ƙungiya da ankonta da bencinanta. Allona yana jingine a gaba, an lulluɓe shi da zanen gado. Aka zaunar da ni a sahun farko kusa da Kansila. Ɗan'azumi ya karɓi lasifika ya ce, "Ga Malam Toma, shi ne mai taswirar da za ku gani, duk abin da ke kanta daga kansa ya fito!" Aka yi tafi. Na tashi na ɗaga hannu, har na juya na ɗaga wa na baya. Cikin duk abin da ya faru, wannan ɗaga hannun ya fi ci mini rai.

Sai aka zo gaisuwa. Ya tsaya gaban rumfar Tibi ya kwarma wata magana da ƙarfi. Mutane suka kalli juna, suka matsa a kan benci. Ya je gaban Yarabawa ya kwarma wata, su ma suka matsa. Ya je gaban Ibo, suka matsa, har na ƙarshen benci ya faɗi ƙasa, bencin ya ɗaga sama da sauran.

"Kun gani?" in ji shi a lasifika. "Suna ji na!"

Suna jin sa kuwa. Abin da ya iya ke nan a duniya: "matsa ciki", da yare tara. Shi ya koya a bayan mota. Da ya ƙare taran sai ya koma na farko ya canza murya. Kafin ya kai rumfar ƙarshe rabin taron ya cure a gefe ɗaya, wata tsohuwa tana tambaya wai baƙi nawa ake jira da ake ta buɗa musu wuri.

Kansila ya ja zanen gado.

Ni ne na fara gani. Ƙusoshi a jere sahu-sahu, bakwai-bakwai, kamar an shuka gero. Mutane suka taso, kowa yana neman nasa. Lucia, tsohuwar nas, 'yar Bajju, ta sa tabarau ta duba Kaduna, ta cire ta goge ta sake dubawa. Ta bi da yatsa har ƙasa.

"Malam Toma, yaushe aka kai mu Bayelsa? Ni ko iyo ban iya ba."

Cyprian ya sami Bekwara a Zamfara. Wani Augustine na ƙungiyar Igede ya sami kansa a Jigawa, ya ce a faɗa masa wanda zai je ya gaya wa babansa ya kwashe doyarsa ya bi su. Har nan dariya ake yi. Sai wani dattijon Tangale ya yi tambayar da ta lalata komai.

"Mu dai an kai mu Ogun, na gani. To su wa aka ba Biliri?"

Nan fa kowa ya daina neman inda aka kai shi, ya koma neman wanda aka zaunar a gidansa. Hayaniya ta tashi. Masu anko shuɗi suna tambayar masu anko ja da izinin wa suka shiga Takum. Masu anko ja suna rantsuwa ba su taɓa jin sunan garin ba. Wanzamin Fagge, da ya zo kallo, ya sulale ta bayan rumfa da jihohinsa uku.

Ɗan'azumi ya hau kujera. "Jama'a, ku natsu! Adalci aka yi, bakwai-bakwai! Wanda bai gamsu ba ya jira zaɓe mai zuwa!"

Sai Gumsu ta ratso taron. Wanda bai san ta ba, ita ce mai bandar kifi a kasuwar Sabon Gari, Babadiya daga Gashuwa. 'Ya'yanta uku sun bi ta ajina. Ba ta karatun boko, amma ta san gwangwaninta, don ita ta riƙe mini ƙusar da hannunta a 1978 na buga, kuma shi kaɗai ne mai jan baki. Ta duba Yobe ba ta gani ba. Ta bi jiha-jiha tun daga sama. Da ƙasar ta ƙare sai ta tsaya. Ta sunkuya. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam, kifi nake sayarwa. Ba kifi ba ce ni."

"Gumsu, ki saurare ni..."

"Kowa an ba shi ƙasa, ko ta wani ce. Mu ka zuba mu a ruwa? Kogin Yobe bai ishe mu ba?"

Kafin in ba ta amsa wani ya yi ihu daga baya, "Ku dubi Abuja! Kurama ne a Abuja! Ashe Malam ya ba yarensa kujera!"

Takalmi ɗaya ya wuce ta saman kan Ɗan'azumi, ledar ruwa ta biyo baya, ita ba ta wuce ba. A nan ne ya yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya kai lasifika bakinsa, ya nuna ni da yatsa, ya ce, "Jama'a, ni ɗaukowa kawai na yi! Ga sunan mai aikin nan a ƙasa, ga amincewarsa a rubuce, ga shi can zaune!"

Ya diro daga kujera zai gudu. Babbar rigarsa ta kama ƙusoshi. Ya fizga, allon ya biyo shi, ya sake fizga, rigar ta yage ta taho da jihohi biyu. Haka ya ratsa filin makaranta yana kaɗawa kamar akuyar da aka ɗaura wa gwangwani, ƙungiyoyi sha huɗu suna bin sa kowa na son yarensa. An ce a bakin ƙofa ya yi wa mai gadi tsawar "matsa ciki" da yaren da mai gadin ba ya ji. A nan suka cim masa. Ba su dake shi ba, tsince gwangwanayen jikinsa suka yi, suka bar shi da singileti. Kansila kuwa tuni direbansa ya tayar da mota.

Yanzu ga halin da nake ciki. An dawo mini da allo ran Laraba, ba Litinin ba, duk huji. Kowace ƙungiya ta zare gwangwaninta da na maƙwabtan garinta ta tafi da su gida, sun ce ba za su sake ba ni amanar yarensu ba. Takardun ƙorafi sha ɗaya na samu, biyu daga cikinsu tsofaffin ɗalibaina ne suka rubuta, da rubutun da ni na koya musu. A coci ana kirana Shugaban Ƙasa. Matata ta je sayen banda, Gumsu ta ce ta je teku ta kamo. Cyprian da Malam Ilu suna faɗin gaskiya ga duk wanda ya tsaya a shagonsu, amma bakin mutum biyu ba ya kai inda lasifika ta kai.

Ƙusa ɗaya ce ta rage a allon, ta Badawa, tana nan cikin shuɗin fenti. Gumsu ta aiko cewa kada kowa ya taɓa ta, har ni. Wanda ya jefa su shi zai tsamo su.

Jiya na je Kwaciri na sami Ɗan'azumi. Na zaci zan ga kunya a fuskarsa. Ya ba ni tabarma, ya ce duk mai kawo sauyi sai an jefe shi da takalmi, nan da shekara goma za a gode masa. Da zan tafi ya rako ni har bakin layi, ya rage murya ya tambaye ni ko ina da taswirar koguna, don ya lura wasu jihohin sun yi babakere.

Saboda haka ina nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ran Lahadi, sha ɗaya ga watan Yuli, ƙarfe huɗu, a filin nan dai, da lasifikar nan dai, Ɗan'azumi ya hau kujerar da ya hau, ya faɗa da Hausa, yaren da aka tabbatar yana ji, cewa shi ya zare ƙusoshina, shi ya rubuta amincewar da ban yi ba, kuma Kurama ba su nemi Abuja ba. Ya ba ni haƙuri da sunana cikakke. Ya goge fentinsa da hannunsa. Sannan kowace ƙungiya ta zo da gwangwanayen da ta kwashe ta nuna garin kowane da yatsa, shi ya buga ƙusa, ya faɗi sunan yaren da sunan garin a lasifika, ɗari biyu da hamsin da huɗu, ba tsallake. Ni zan tsaya a gefe da littafina ina dubawa.

Kuma ya fara da Badawa. Yau kwanansu ashirin cikin teku, ba kwalekwale.

Toma Bawa, malamin labarin ƙasa mai ritaya,
Sabon Gari, Kano, 5 ga Yuli, 1999.